Sharhi: Idan Rezo Ya Ɗauke, A Ina Laifin Yake?

Daga Yakite, Bangui

Duk wanda ke harka tsakanin kasuwar Kilomita Biyar da Garwa-Bulai ya san wannan hali: ka tura wa direba kuɗin mai ko kuɗin duwan ta waya, kuɗi sun fita daga wajenka, shi kuma yana can Beloko yana rantsuwa bai ga ko dala ba. Idan ka je wajen mai shagon tura kuɗi, amsar ɗaya ce, wai babu rezo. Wannan kalma ta zama bargon da ake lulluɓe kowane irin laifi da shi, alhali matsalolin da ke ƙarƙashinta iri-iri ne, kuma kowace da mai ita.

Wani lokaci hanyar ce ta yanke, kamar yadda aka gani ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankunan Nijeriya suka shiga wani hali. Wani lokaci hukuma ce ta rufe da gangan, kamar a watan Yunin 2014 da gwamnatin riƙon ƙwarya ta wannan ƙasa ta hana tura saƙon SMS saboda dalilan tsaro. Na uku, wanda shi ne ba a cika magana a kansa ba, shi ne na'urar da ke raba hanya ta faɗi da kanta saboda kuskuren da ke cikin rubutun da ke tafiyar da ita. A kan wannan na ukun sharhin yau zai tsaya.

Kowace kwamfuta tana da wani sashe na can ciki da Turawa ke kira kanel, wato ƙwayar manhajar da ke riƙe da ragamar komai. Idan wata manhaja ta yi gardama, sai a rufe ta a sake buɗewa, amma idan kanel ya yi tuntuɓe, na'urar gaba ɗaya ce ke tsayawa. Wayoyin Android da ke aljihunmu da akwatunan MikroTik da masu sayar da tikitin wifi ke amfani da su duk a kan kanel ɗin Linux aka gina su, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991.

A cikin wannan kanel akwai sashen da ke tsara layi. Saƙo ba ya tafiya a dunƙule, ana yanka shi ƙanana ne, kowane yanki ya shiga layi ya jira a ba shi hanya. Aikin sashen kamar na ɗan kamasho ne a tasha: ya ce wannan mota ta fita, waccan ta dakata, kada mai kallon bidiyo ya cinye hanyar mai tura kuɗi. A ƙasa irin tamu, wadda sai a 2023 aka ƙaddamar da wayar fiba da ta haɗa ta da Kamaru da Kongo da tallafin Bankin Raya Afirka da Tarayyar Turai, hanyar ba ta da faɗi, don haka aikin mai tsara layi yana da nauyi ƙwarai. Mun kuma san abin da tsayawar layi ke jawowa, domin daga Disambar 2020 zuwa farkon 2021, da 'yan tawaye suka tare hanyar Duwala zuwa Bangui, motoci fiye da dubu ne suka maƙale a kan iyaka, farashin kaya ya tashi a kasuwa.

To, shi ma wannan ɗan kamasho na cikin na'ura yakan yi kuskure. A farkon 2023 an gano wani a ɓangaren da ake kira tcindex, mai tantance saƙonni kafin su shiga layi. Misalinsa kamar a ce mai rumfa ya tashi, an ba wani rumfar, amma ba a goge sunan na farko daga littafin kasuwa ba, sai aka ci gaba da sauke masa kaya a wurin da ba nasa ba. A cikin kanel irin wannan ruɗani yana iya kayar da na'ura, yana kuma iya buɗe wa mugu ƙofar ƙwace ragamarta.

Abin lura shi ne yadda masu aikin ke gano irin wannan kuskure. Da farko kanel yakan bar rubutu a lokacin da zai faɗi, ya nuna aikin da yake yi da kuma wanda ya sa shi. Na biyu, sai an iya maimaita faɗuwar da gangan kafin a ce an gane ta, shi ya sa kamfanin Google ya ajiye wata manhaja mai suna syzbot da ba ta da aiki dare da rana sai jefa wa kanel umarni barkatai don ta kayar da shi ta kai rahoto. Na uku, idan jiya lafiya yau kuma babu, sukan raba sauye-sauyen da aka yi gida biyu, su gwada, su sake raba rabin da ke da matsala, ta yadda sauye-sauye dubu ba sa wuce gwaji goma. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa neman inda lissafi ya ɓace masa a littafi ya san wannan dabara.

A maganar tcindex, Jamal Hadi Salim, ɗaya daga cikin masu kula da sashen tsara layi, ya kawo shawarar a cire shi ɗungurungum tare da wasu tsofaffin ɓangarori huɗu, aka kuwa cire su a Linux 6.3 da ya fito a Afrilun 2023. An yi muhawarar a fili, kowa na iya karantawa. Sai dai gyara a can ba ya nufin gyara a nan, domin akwatin da ba a sabunta manhajarsa ba yana nan da tsohon ciwonsa. Sabuntawar ma tana son hattara: ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024, wani ɗan gyara da kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura wa kowa a lokaci guda ya kayar da kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8 da rabi, jirage dubbai suka kasa tashi. Amma bayan makonni kaɗan kamfanin ya fitar da bayani a rubuce kan abin da ya faru.

Wannan bayani shi ne abin da muka rasa. Ɗan kasuwa ba ya bukatar ya iya karanta kanel, amma yana da haƙƙin a gaya masa ko hanya ce ta yanke, ko umarni ne daga sama, ko na'ura ce ta faɗi, da kuma yaushe kuɗinsa za su dawo. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su riƙa kai wannan bukata ga kamfanonin waya da hukumar da ke sa musu ido, kuma su je da hujja. Hujjar kuwa daga gare mu za ta fito: a rubuta rana da sa'a da lambar da ke cikin saƙon tura kuɗi, kada a goge saƙon, kada kuma a sake turawa sai an tabbatar na farko bai shiga ba. Mutum ɗaya da ƙorafin baki ana iya sallamarsa da "babu rezo", amma mutum hamsin da takarda mai nuna cewa duk a sa'a ɗaya abin ya same su, dole a zauna a duba.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kare mu daga asara.