Ra'ayinmu: A Bar Kano Kafin Azahar

Wata al'ada ta fara kama ƙasa a tsakanin matasan ma'aikata da 'yan kasuwa mazauna Abuja: abokai huɗu ko biyar su haɗa kuɗin mai, su shiga mota ɗaya ranar Juma'a, su nufi Kano don su huta, su ga gari, su ci abin da suka yi marmari, su juyo ranar Lahadi. A da Bahaushe ba ya ɗaura kaya sai da dalili mai ƙarfi, ko fatauci, ko neman ilimi, ko biki, ko gaisuwar rasuwa. Yanzu an samu masu tafiya don buɗe ido kawai, kuma muna maraba da hakan. Yaron da ya tashi a Kubwa ko Gwarimpa, ya san titunan Dubai a wayarsa amma bai taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata ba, ya cancanci ya je ya gane wa idonsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar ƙarshe. Juma'a takan ƙare a hanya, Asabar a yawo, Lahadi kuma da gardama take farawa tun a wajen karin kumallo: ƙarfe nawa za a tashi? Kusan kowace tawaga tana da mai cewa a yi sammako, da mai cewa a bari sai an yi La'asar. Galibi kuma na biyun ne ke yin nasara, ba tare da an yanke shawarar haka ba. Lokaci ne ke zamewa a hankali, daga "bari mu biya nan minti goma" zuwa "ai mun riga mun makara, mu ci abinci tukuna".

Masu son a daɗe suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, litar da a da ake saye ƙasa da naira 200 ta ninka sau da yawa. Wanda ya zuba kuɗin mai na zuwa da dawowa, ya biya masauki na kwana biyu, yana da gaskiya idan ya ce bai yi wannan ɗawainiya don yini guda ba. Kano kuwa ba garin da ake gamawa a yini ɗaya ba ne. Gidan Makama kaɗai yana cin safiya. Kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya jingina kafuwarta ga zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, lunguna ce cikin lunguna, daga 'yan jakunkunan fata zuwa 'yan turare da masu kayan doki, kuma ba a shigarta da agogo a hannu. Wanda ya shiga Kantin Kwari neman atamfa ko shadda ya san ciniki ɗaya yakan ci awa guda. Hawa Dutsen Dala kuma da sanyin safiya ya fi daɗi, kafin rana ta buɗe, lokacin da ake hango Goron Dutse da rufin tsohon birni sarai. Idan Asabar ba ta ishi duk wannan ba, dole a ci bashi daga Lahadi.

Ga kuma tsaraba. Ba a komawa gida daga Kano hannu rabbana. Kilishin Agadasawa yana jure kwanaki, amma gurasa ba a sayenta tun Juma'a a ajiye wa mutanen gida har Lahadi. Akwai abin da ya fi tsaraba nauyi, wato 'yan uwa. Da wuya a tara mutum biyar 'yan Arewa a rasa mai gwaggo a Fagge ko kawu a Gwale. Zumunci a ƙafa yake, kuma labari ba ya ɓuya: ranar da Gwaggo ta ji ka kwana biyu a gari ba ka leƙo ba, ka shiga uku da ƙorafi har Sallah mai zuwa. Gaisuwar Kano ba a tsaye ake yin ta ba. Za a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a ce "ɗan nan, ai ba ka fita gidan nan ba ka ci komai ba", kuma ba mai kunyar kirki da zai miƙe a lokacin. Muna girmama wannan hujja fiye da sauran, domin ita ce ta bambanta tafiyarmu da ta baƙon da ya zo kallo kawai.

Amma akwai hanya, kuma hanya ba ta san uzurin kowa ba. Daga Kano zuwa Abuja tafiya ce da ta haura kilomita 400. Idan aka haɗa da tsayuwar salla, shan mai, cin abinci da shingayen jami'an tsaro, wanda ya ware mata awa shida zuwa bakwai bai yi ƙari ba. Rana a wannan yanki tana faɗuwa tsakanin ƙarfe shida da bakwai saura, gwargwadon lokacin shekara. Lissafin ba shi da wuya. Wanda ya bar Na'ibawa a Kano da ƙarfe huɗu, bayan La'asar, zai wuce Kura da Kwanar Dangora da Tashar Yari cikin haske, ya ratsa Zariya da sauran rana, ya iso Kawo a Kaduna duhu ya shiga. Daga nan sauran kusan rabin tafiya, kuma shi ne rabin da ya fi wuya.

Wannan shi ne abin da masu cewa "ai titin ya yi kyau yanzu" ke mantawa da shi. Gaskiya ne sashen Kano zuwa Zariya da na Zariya zuwa Kaduna an sake gina su, an kuma buɗe su a watan Mayun 2023. Sashen Kaduna zuwa Abuja shi ne ya daɗe yana jan ƙafa tun da aka bayar da kwangilar titin a ƙarshen 2017, har gwamnati ta soke kwangilar wannan sashe a ƙarshen 2024 ta miƙa wa wani kamfani. Ga mai dawowa daga Kano, santsin titi yana zuwa da farko, lokacin da ido ke buɗe kuma jiki da ƙarfi. Wuraren da ake karkatar da motoci hannu ɗaya, da tirelolin da ke jibge a bakin titi a Tafa, da dazukan Rijana da Katari, duk suna jira ne a ƙarshe, lokacin da direba ya gaji. Duk mintin da aka ɓata wajen cinikin kilishi, a can ake biyan sa. Sunayen Rijana da Katari ba baƙi ba ne ga duk wanda ya bi labaran satar mutane a shekarun baya. A kusa da Katari ne aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari ranar 28 ga Maris 2022, abin da ya tsayar da zirga-zirgarsa har watan Disamba na shekarar. An samu sauƙi idan aka kwatanta da wancan lokaci, muna kuma godiya ga Allah da jami'an da ke kwana a wannan hanya. Sauƙi dai ba tabbas ba ne, kuma ko babu ɗan bindiga ko ɗaya, tirelar da ta lalace a tsakiyar titi ba fitila ba alama ta isa ta raba iyali da ɗansu. Ba banza ba hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ke ta nanata gargaɗi a kan tafiyar dare.

Akwai mutum ɗaya da ba a cika tuna shi ba a wannan gardama, shi ne mai riƙe da sitiyari. A irin wannan tafiya ba direban haya ba ne, abokinsu ne mai mota. Shi ya tuƙo su ranar Juma'a, shi ya yi ta kutsawa da su cikin cunkoson 'yan adaidaita sahu ranar Asabar, tare da shi aka raba dare ana hira a wajen mai shayi. Da an hau titi sauran za su kwantar da kujera su yi barci, shi kuwa dole idonsa ya zauna a kan hanya awa bakwai, ga hasken manyan motoci na dukan fuskarsa. Sau da yawa shi ne mai cewa a tashi da wuri, kuma shi ake yi wa tsiya da matsoraci. Kunya takan sa ya yi shiru, don kada a ce yana yi wa mutane gadara da motarsa. Wannan kunya tana da haɗari, kuma abokai na gari su ne za su ɗauke masa ita.

Wasu za su ce a hau jirgi mana. Daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Abuja tafiyar kusan awa guda ce, amma kuɗin tikitin mutum biyar ya fi ƙarfin aljihun mafi yawan masu wannan yawo, shi ya sa tun farko suka haɗu a mota ɗaya. Jirgin ƙasa na zamani kuma daga Rigasa a Kaduna yake tashi zuwa Idu a Abuja, tun da aka buɗe layin a 2016. Layin Kaduna zuwa Kano an aza harsashinsa a 2021, kuma da zarar ya fara ɗaukar fasinja yawancin wannan gardama za ta mutu da kanta. Hakkin gwamnati ne ta kammala shi, ta kammala titin, ta kuma tsare matafiya dare da rana. Ba daidai ba ne a ce ɗan ƙasa sai ya duba rana kafin ya bi babbar hanyar da ta haɗa babban birnin tarayya da babbar cibiyar kasuwancin Arewa. Za mu ci gaba da faɗin haka. Kafin a kai can, matafiyi da hanyar da ke ƙasa yau zai yi lissafi.

Ra'ayinmu shi ne, tawagar da za ta koma Abuja da mota ta bar Kano kafin Azahar, ƙarfe goma sha ɗaya zuwa sha biyu. Ba mu goyi bayan masu cewa a tashi da asuba ba, domin sun zubar da safiyar da aka riga aka biya kuɗinta, kuma tsakanin sallar Asuba da hantsi akwai isasshen lokacin hawa Dala, karyawa da waina ko gurasa, da ɗaukar tsarabar da ba ta kwana. Haka nan ba mu goyi bayan masu jiran La'asar ba. Salla ba za ta zama dalilin jinkiri ba, tunda addini ya yi wa matafiyi rangwamen ƙasaru, ga kuma masallatai a kowane gari a bakin hanya. Masu komawa Kaduna ko Zariya suna da sarari fiye da haka, za su iya kaiwa ƙarfe biyu ko uku.

Abin da zai sa wannan ya yiwu shi ne a sauke wa Lahadi kayan da ba nata ba. Gaisuwar dangi a yi ta yammacin Asabar, lokacin da za a zauna a ci tuwon Gwaggo a natse, a karɓi addu'a ba ana satar kallon agogo ba. Kwari da Kurmi ma na Asabar ne. Lissafin kuɗi, wanda yakan ɓata zumuncin abokai fiye da yadda ake zato, a rufe shi daren Asabar: wa ya biya masauki, wa ya sha mai, nawa ya rage a kan wa, har da kason mai mota na wahalar da abin hawansa ya sha. Maganar da aka bari sai an tsaya a gidan mai, kowa ya gaji, ita ce ke zama gaba. Lokacin tashi kuma a tsayar da shi tun kafin a baro Abuja, a kuma amince cewa ranar komawa maganar mai tuƙi ita ce ta ƙarshe. A bar shi ya kwanta da wuri, kuma idan akwai wani mai lasisi a tawagar, su karɓi juna a Kaduna.

Wani lokaci duk da shiri za a makara: taya ta yi faci, ko an tarar da rashin lafiya a gidan dangi, ko ruwan sama ya tsare mutane a watan Agusta. Idan haka ta faru, a ƙara kwana a Kano, ko a yi zango a Zariya ko Kaduna, a kira gida a sanar da iyaye da iyali inda aka tsaya, a aika wa shugaban wurin aiki saƙo tun da dare cewa za a iso da rana. Wanda ya tashi daga Kaduna bayan sallar Asuba ranar Litinin zai iya shiga ofis kafin Azahar, kuma kuɗin ɗaki ɗaya idan aka raba shi biyar bai kai na kilishin da ke bayan mota ba.