Ƙarfin Gwiwa Daban, Cika Baki Daban

'Yan uwana ɗalibai, akwai kalmomi guda biyu da masu sharhin wasanni kan cakuɗa su, ni kuwa a ganina akwai tazara mai nisa a tsakaninsu: ƙarfin gwiwa da cika baki. Tarihin ƙwallon ƙafar Nijeriya ya raba mana su a cikin shekara biyu kacal.

A ranar 31 ga Yuli, 1996, 'yan wasanmu suka kara da Birazil a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta, a Amurka. Dama Birazil ta doke mu da ci ɗaya da nema a wasan rukuni. A wannan karon ma, kafin a tafi hutun rabin lokaci har ta zura uku, mu muna da ɗaya, ɗayar ma ɗan wasansu Roberto Carlos ne ya ci gida. Duk mai hankali zai ce magana ta ƙare. Amma a minti na 78 Victor Ikpeba ya ci ta biyu, Nwankwo Kanu ya farke ana dab da tashi, sannan ya ƙara ta huɗu jim kaɗan da shiga ƙarin lokaci. Bayan kwana uku aka doke Ajantina uku da biyu, ita ma sau biyu tana shiga gaba ana kamo ta. Haka Nijeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta ci zinare a ƙwallon ƙafa a Olamfik.

Jama'a sun fi tunawa da Kanu, kuma ya cancanta. To amma a dubi waɗanda suka ci ƙwallaye ukun nan na wasan ƙarshe. Celestine Babayaro mai tsaron baya ne. Daniel Amokachi (shi da Babayaro duk haihuwar Kaduna ne) ya ci ta biyu. Emmanuel Amunike da ya ci ta nasara kuwa, daga benci koci Jo Bonfrere ya taso shi. Mutumin da aka ajiye a benci a wasa irin wannan yana da dalilin yin fushi, sai shi ya shiga ya huce a kan ragar abokan hamayya. Ra'ayina shi ne, ɗan wasan da ake ci uku da ɗaya ba zai ci gaba da gudu ba sai in ya tabbata na kusa da shi ma bai saduda ba. Daga nan ƙarfin gwiwa ke tasowa.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. A wajen gayya, samari kan jera a kan kunya, makaɗi na zuga su, kowa na son ya riga ɗan uwansa kai wa ƙarshen gona. Gasa ce ta gaske, har da gori. Sai dai duk wanda ya yi gaba, gonar nan guda ce ake nomewa. Irin wannan gasar nake nufi idan na ce 'yan wasa su yi takarar samun gurbi a ƙungiya. Wanda ya ƙi miƙa ƙwallo don kada a tafa wa wani, shi kam ya bar kunyarsa ya koma tattake ta maƙwabcinsa.

Sai mu zo 1998, gasar cin kofin duniya a Faransa. Da yawa daga cikin jaruman Atlanta suna nan: Kanu, Okocha, Oliseh, Taribo West, Babayaro, Ikpeba, Babangida. Aka doke Sifen uku da biyu, aka doke Bulgeriya, aka fito a saman rukuni. Tun kafin a buga da Danmak, hirar mutane ta koma kan haɗuwa da Birazil a zagaye na gaba, kai ka ce Danmak ɗin ba ta zo da ƙafafu ba. Cikin minti 12 na farko ta zura biyu. Aka tashi huɗu da ɗaya, Tijjani Babangida ne ya ci mana ta share hawaye. Danmak ce ta je ta gamu da Birazil ɗin.

Wani zai ce ai ɗan dambe ma kirari yake yi kafin ya shiga fage, kuma ba a ce ya yi laifi. Gaskiya ne. Amma ɗan dambe shi kaɗai zai ɗauki naushi, in ya faɗi bayansa ne ya taɓa ƙasa. Kirarinsa kuma abokin karawar da ke gabansa yake yi wa, ba ya tsallake shi ya ƙalubalanci wanda ko filin bai iso ba. A ƙwallo mutum 11 ne, idan biyu suka ɗauka an riga an ci wasa suka rage gudu, sauran tara ne za su biya bashin, mai tsaron gida kuma shi zai yi ta tsintar ƙwallo a raga.