Shan Kaye Ba Dalilin Ɓarna Ba Ne

'Yan'uwa manoma, ran 29 ga Maris 2022 Nijeriya da Gana suka tashi ɗaya da ɗaya a Abuja. Gana ta sami shiga Gasar Kofin Duniya, mu muka rasa. Nan take 'yan kallo suka afka fili, suna jifa, suna farfasa kaya. Hukumar FIFA ta ci Nijeriya tarar faran 150,000 na Suwizalan.

A ganinmu abin kunya ne. Baƙo in ya zo gidanka, ko ya kā da kai, ruwa za ka ba shi, ba dutse ba. Mun kuma sani in damina ta ƙi, ba a ƙona rumbu, iri ake ɓoyewa don baɗi. Mu koya wa samarinmu wannan tun daga filin ƙauye.