Filin Mata: Saƙi Na Gaske Da Na Jabu

Wata uwargida daga Malumfashi ta aiko mini da takarda makon jiya. Ta ce 'yarta za ta tare bayan kaka, maigida kuwa ya ware mata wani abu daga kuɗin auduga don ta sayi zanen saƙi da gwado, irin waɗanda ita ma aka kai ta ɗaki da su. Dillaliya ta kawo mata iri biyu, kamarsu ɗaya a ido, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan har ya wuce. Tana tambaya, ko mai tsadar nan cuta ce?

To, 'yar'uwa, ba lalle cuta ba ce, kuma ba lalle gaskiya ba ce. Ni kaina an taɓa yi mini. Na sayi wani baƙin zane a hannun wani ɗan koli, ya rantse mini rinin Kano ne. Wanki ɗaya ruwan ya koma kamar tawada, zanen ya fito toka-toka, ya kuma tsuke har bai rufe idon sawu ba. Tun ran nan na koma wurin tsofaffi na tambaya.

Da farko ki duba zaren. Zaren hannu, watau wanda mace ta gurje audugarsa, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari, ba ya tafiya daidai. Nan ya yi kauri, can ya sirance, kina shafawa kina jin 'yan ƙulle-ƙulle. Wannan ba aibi ba ne, shaidar hannu ce. Sa'an nan ki juya bayan zanen. Masaƙanmu maza ƙwarya-ƙwarya suke saƙa, siririya, kana a harhaɗa da allura, saboda haka za ki ga ɗinki a tsakanin kowace ƙwarya da 'yar'uwarta. Na jabu faffaɗan yadi ne guda na inji, an buga masa zane-zanen saƙi a fuska kamar yadda ake buga atamfa, har wani lokaci a zana masa layin ɗinkin ƙarya. Bayansa yakan fi gabansa haske. Saƙi na gaske ba shi da gaba ba shi da baya, gama launin yana cikin zaren tun kafin a sa shi a masaƙa.

Amma kada ki ce duk wanda ba zaren hannu ba ne jabu ne. Masaƙa da yawa yanzu da zaren kanti suke aiki, don masu kaɗi sun yi ƙaranci. Saƙin hannu ne sosai, yana da ƙarko, ya kuma fi sauƙin kuɗi. In abin hannunku bai kai na zaren kaɗi ba, wannan shi ne naki, ba kunya a ciki. Abin ƙi shi ne a karɓi kuɗin wancan a ba ki wannan.

Ga wata dabara da kowace 'yar makaranta za ta iya yi wa uwarta. Tun da dillaliya cikin gida take kawo kaya, ki roƙe ta ki zare zare ɗaya daga bakin zanen, ki kai bakin murhu. Auduga takan ci wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi wadda za ki murje da yatsa. In da roba a ciki, sai ki ga zaren ya narke ya dunƙule, ya yi baƙin ƙullutu mai tauri, da wari. Dillaliyar da ta hana ki zare ɗaya, ki ba ta kayanta da girma da arziki.

Batun rini ya fi wuya, don a nan ne mata suke ruɗewa. Wadansu suna tsammani rinin da ya shafi jiki shi ne mugu. Ba haka ba ne. Turkuɗi na gaske, irin na Kura, wanda aka tsoma a baba sau da yawa aka kai mabuga aka buga da shuni har ya yi ƙyalli, dole ya bar shuɗi a fata, iyayenmu ma abin ado suka ɗauke shi. Bambancin shi ne, rinin baba a hankali yake sauka, ya bar zane da shuɗi mai kyau shekara da shekaru. Rinin garin kanti da aka yi da gaggawa shi ne mai zuba gaba ɗaya. Ki kuma sansana. Wadda ta taɓa wucewa ta karofin Ƙofar Mata a Kano ba ta manta warin baba da toka.

Ashe kuwa wannan damuwa ba tamu kaɗai ba ce. A Sikotilan, can arewa da Ingila, maza suna da wani zane na gado mai tattara da suke ɗaurawa zuwa gwiwa ran biki, kowace zuriya da irin ratsinta. Na gaske da gashin tumaki ake saƙa shi, yakan ci kamar yadi 8. Sai aka cika musu kantuna da na roba mai araha daga Pakistan, baƙi suna saye suna murna. A 2008 majalisarsu ta yi doka aka buɗe littafin rajista na ratsin nan. Mu ba mu da littafi, sai ido da yatsa.

Abin da ke ba ni takaici, mu ne masu audugar. Saboda ita Turawa suka kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, suka yi gonar iri a Daudawa. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, ta Funtuwa a 1978. Ta Kadunan nan ta rufe a 2002, yadin Sin kuwa ya cika Kantin Kwari. Yau sai ka ga yarinyar da ubanta ya cika buhuna da auduga an kai ta ɗaki da roba tun daga ɗankwali har zane, ga zafin bazara. Ban ce a ƙi na inji ba, ni ma shi nake ɗaurawa in shiga madafa.

Shawarata ga mai takarda ita ce, ki gwada zannuwan nan biyu da wuta, ki juya bayansu. In mai tsadar ya ci jarrabawa, ki ɗauki guda ɗaya tak, sauran kuɗin ki cika da atamfa mai sauƙi ta yau da kullum. In kuwa da hali, maigida ya nemi masaƙi da kansa ya ba da aiki tun yanzu, a yi ciniki a kan yawan ƙwarya da tsawonta, a biya rabi, a cika in an kawo. Hakan ya fi araha, don babu ladan dillanci, sai dai masaƙi ba ya son gaggawa, kada a bari sai an sa rana. Idan ya zo, ki wanke shi da ruwan sanyi shi kaɗai, ki shanya a inuwa, ki ninke da ɗan ganyen darbejiya a cikin akwati saboda asu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba bakin atamfa da lambobin da ake bugawa a kai.