Me Ake So Ɗalibi Ya Fita da Shi Daga Ajin Turanci?

Ina son in yi magana da ku ɗalibanmu na ƙaramar sakandare, maza da mata, tare da iyayenku, a kan wani darasi da kullum ake kuka da shi idan sakamakon jarrabawa ya fito, wato Turanci.

Kwanan baya na shiga aji uku na tambayi ma'anar "noun". Kafin in rufe baki aji ya ɗauka gaba ɗaya kamar ana biya hadda, ba wanda ya yi tuntuɓe. Sai na ciro 'yar takardar nan da ake sawa cikin kwalin maganin zazzaɓi, na ce wa zai karanta ya gaya mini da Hausa ƙwaya nawa yaro ɗan shekara goma zai sha, kuma sau nawa a yini. Aji ya yi tsit. Da ƙyar mutum uku suka ɗaga hannu. To jama'a, yaron da ya shekara uku yana biya ma'anar kalma amma ya kasa karanta wa mahaifiyarsa takardar magani, me muka koya masa?

Ra'ayina shi ne, ba a shiga ajin Turanci don a haddace ma'anoni, ba kuma don a iya lanƙwasa harshe kamar Bature ba. Abin nema shi ne ka karanta ka gane, ka rubuta a gane, ka ji magana ka mayar da amsa. In an samu waɗannan, jarrabawa za ta zo da sauƙi. In ba a samu ba, ko an ci jarrabawar, an ci ta ne a takarda kawai.

Abin da ya sa ya zama dole

Ya kai ɗalibi, ka san cewa a Nijeriya da Turanci ake tambayarka lissafi da kimiyya da sauran darussan boko. Sau da yawa yaro ya san amsa, tambayar ce bai gane ba, sai ya faɗi. A ƙarshen aji uku kuna da jarrabawar BECE. Bayan shekara uku kuma ga ta WAEC, hukumar da aka kafa tun 1952, da ta NECO da aka kafa a 1999, ga kuma ta NBAIS ga masu bin ɓangaren Larabci da addini. Jami'a tana neman kiredit biyar, kuma Turanci na cikinsu. A jarrabawar JAMB darasi huɗu ake rubutawa. Uku sun danganta da abin da kake son karantawa, amma Turanci kowa sai ya yi shi, har mai son karanta Shari'a ko Larabci. Tun 2015 kuma a kwamfuta ake yin ta, ba wanda zai tsaya a kanka ya fassara maka. Wanda ya bar ƙaramar sakandare bai iya karatu ba, da wuya babbar sakandare ta gyara shi, domin can malamai sun ɗauka ya iya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san akwai iyayen da har yau zuciyarsu ba ta kwanta da wannan harshe ba, suna ganin shi ne ƙofar lalacewar tarbiyya. Tsoron nasu ba na banza ba ne, domin akwai shara da yawa da ake rubutawa da Turanci. Amma mu tuna cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta amsa, kuma Zaidu ya koya cikin kimanin rabin wata. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Harshe kamar wuƙa yake, ana yanka layya da ita, ana kuma ɓarna da ita. Aikinmu shi ne mu ba yaro tarbiyyar da zai san abin da zai yanka.

Abin da ake so a kowane aji

A aji ɗaya, ana so ɗalibi ya karanta gajeren labari a bayyane, yana tsayawa inda aya ta ce ya tsaya, sannan ya rufe littafi ya faɗi abin da ya faru. Ya rubuta jimla cikakkiya, ya fara da babban baƙi ya ƙare da ɗigo. Ya iya rubuta layi takwas ko goma a kan kansa, ko gidansu, ko makarantarsa, ba tare da ya kwafa daga allo ba. Ya san yadda ake neman kalma a ƙamus ta bin jerin baƙaƙe 26 na Turanci.

A aji biyu, ana so ya rarrabe abin da ya wuce da wanda ake ciki da wanda zai zo. Nan ne yawancinku kuke zamewa, kuma akwai dalili. A Hausa muna cewa na tafi, ina tafiya, zan tafi, wato 'yar kalmar da ke gaban aikatau ita ce ke ɗauke da lokaci. A Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yakan canza kama, "go" ya koma "went", "buy" ya koma "bought". Irin waɗannan ba su da wata dabara sai hadda da yawan amfani. A wannan aji kuma ana so ya rubuta wasiƙa zuwa ga ɗan'uwa ko aboki, ya kuma ba da labarin abin da ya gani da idonsa, kamar hawan salla ko saukar Alƙur'ani, daga farko zuwa ƙarshe a jere.

A aji uku, ana so ya karanta shafi guda da bai taɓa gani ba, ya amsa tambayoyin auna fahimta, ya taƙaita shi cikin jimla uku ko huɗu da kalmominsa. Ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban makaranta ko wata hukuma, da adireshi biyu da take da sa hannu yadda ka'ida ta ce. Ya cike fom da kansa. Ya tashi a gaban aji ya yi magana ta minti biyu, ya kawo ra'ayinsa da hujjarsa. Iyaye, wannan shi ne ma'aunin da za ku riƙe. Kada lamba ta ɗaya ko ta biyar a katin sakamako ta ruɗe ku.

Jarin da ke hannunku

Wani abin da ba ku lura da shi ba shi ne, ɗan Islamiyya ya shigo ajin Turanci da jari. Wannan mujalla da ke hannunka da ajami da boko aka buga ta, kana karanta wannan daga dama, wancan daga hagu. Wanda ya iya rubutu iri biyu, harshe na uku ba zai gagare shi ba.

Dubi tajwidi. Sautin da ke farkon "think" shi ne na harafin ث, wanda ke farkon "this" kuma shi ne na ذ. Yara da yawa suna cewa "sink" da "zis", alhali kai malamin tajwidi ya riga ya sa ka fito da kan harshe tsakanin haƙora. Bambancin "ship" da "sheep" ya yi kusa da bambancin wasali gajere da mai madda. Yadda ka zauna ka gyara mafitar ض, haka za ka zauna ka raba "p" da "f", don kada "pan" ya zama "fan", ka kuma raba "v" da "b". Harshen Bahaushe ba ya son baƙi biyu ko uku a jere a farkon kalma, sai ya cusa wasali, shi ya sa "bread" ya zama burodi. A Hausa burodi daidai ne, amma a ajin Turanci sai a cire wasalin.

Dubi nahawu kuma. Wanda ya fara Ajurumiyya ya san an kasa magana gida uku, isimi da fi'ili da harafi, ya san fa'ili da maf'uli. Su ne dai za ka tarar a Turanci da wasu sunaye. Tsarin jimla ma irin na Hausa ne, mai aiki a gaba, aiki a tsakiya, wanda aka yi wa a ƙarshe.

Sai muraja'a. Kowa ya san hizifin da ba a tilawarsa yakan gudu. Haka kalmomi suke. Ka ware littafi guda, kullum ka rubuta sababbin kalmomi biyar da ma'anarsu, ka sa kowace a jimla taka ta kanka. Biyar a kwana biyar, 25 ke nan a mako. In mun ɗauki mako 12 a zango, zango uku a shekara, ka tara 900. A shekara uku, 2,700. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani hanzari ba gudu ba. Hadda tana da iyaka a nan. Alƙur'ani ana haddace shi harafi da harafi domin ba a canza shi. Insha'i kuwa naka ake so. Wanda ya haddace wasiƙa guda ya shiga jarrabawa, ranar da aka sauya tambaya sai ido ya raina fata. Haka kuma Turanci ba kamar Hausa ba ne da ake rubuta abin da aka furta. Akwai "k" a "knife" da "s" a "island" da ba a faɗin su. Maganin wannan shi ne shifta da yawan karatu. Masu waya kuma ku kiyayi gajarce kalmomi irin na saƙon tes, domin hannu in ya saba, a takardar jarrabawa ma haka zai rubuta.

Zuwa ga iyaye

Baba da Inna, ba sai kun iya Turanci za ku taimaka ba. Yadda kuke zaunar da yaro ya biya allonsa bayan magariba, haka za ku ba shi minti ashirin ya karanta shafi guda a bayyane, sannan ku ce ya gaya muku da Hausa abin da ya karanta. In ya yi ta kame-kame, kun san bai gane ba. Ku duba littafinsa na aiki ko akwai jan biron malami a ciki. In mako biyu ya wuce babu, ku zo makaranta ku tambaya, haƙƙinku ne. Ku saya masa littafin karatu da ƙaramin ƙamus, ko na hannu ne. 'Ya'ya mata kuma a rage musu aiki da talla a wannan lokaci. Kowa yana son likita mace da ungozoma su duba iyalinsa, kuma hanyar zama likita ta wannan aji ta bi.

Ina roƙonku da girman Allah, kada ku biya kuɗi a rubuta wa yaro amsa. Ha'inci ne, addini ya hana, kuma yaron kuka cuta. Takardar da aka saya ba za ta karanta masa littafi a jami'a ba.

Mu malamai ma da namu

Ba zan ɗora laifi duka a kanku ba. Malamin da zai cika allo da rubutu ya ce a kwafa ya fita, bai koyar ba. Ku ɗalibai kuna da haƙƙin a ba ku insha'i a kai a kai, a duba shi, a nuna muku inda kuka kuskure. Ban kuma yarda da a ci yaro tara ko a doke shi don ya yi Hausa ba. Wannan ba ya koya Turanci, bebantaka yake koyarwa, ya kuma sa yaro ya raina harshen uwarsa. Gara a ware lokacin da kowa zai yi Turanci, malami ya fassara inda ya yi tsauri.

Ku ma ku daina yi wa juna dariya. Yaro ya tashi ya yi kuskure, aji ya fashe da shewa, shi ke nan ba zai sake buɗe baki ba har ya gama makaranta. A ajin Alƙur'ani in ɗan'uwanka ya yi kure, gyara masa kake yi cikin ladabi. Ku kawo wannan ladabin ajin Turanci. Matambayi ba ya ɓata, kuma wanda bai yi kuskure ba bai fara koyo ba.

A ƙarshen wannan zango, in Allah Ya kai mu, zan sake shigowa aji uku da takardar maganin nan. Ina fatan in ga hannuwa sun fi na wancan karo yawa. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya yi wa karatunku albarka, Ya saka wa iyayenku da alheri. Amin. Wassalam.