Gajeren yaro ma yana da gurbi a ƙwallon kwando



Yau mun ajiye maganar rigakafi da kunun yaye a gefe, ƙwallo za mu yi. Kada ki rufe shafin tukuna. Daga Tambuwal zuwa Dogon Daji da Sanyinna, daga Kebbe zuwa Kuchi, ƙwallon ƙafa ce kowa ya sani, amma yaran da ke makarantun kwana sun fara dawowa hutu da wata sabuwar sha'awa, waya kuma tana ƙara musu wuta. Sai ki ga yaro ya cire gindin tsohon bokiti, ya ɗaure shi a reshen dogonyaro, yana ta jefa ƙwallo tun la'asar har a kira magariba. In ya ce, "Inna, ni ƙwallon kwando zan yi," amsar da ya fi samu ita ce, "Kai da ko bakin randa ba ka gama kaiwa ba? Wannan ai wasan dogaye ne."

Rabin wannan magana gaskiya ce. Ɗayan rabin shi nake so mu duba.

Mutum biyar ne ke shiga fili daga kowane ɓangare. Kwandon yana rataye ne a tsawon ƙafa 10, don haka dogaye ke tsayawa kusa da shi. Amma biyu daga cikin biyar ɗin 'yan baya ne, ɗaya kuma a cikinsu shi ne mai raba ƙwallo. Shi ke ɗauko ta daga gida, shi ke duban inda kowa ya tsaya, shi ke yanke wa za a ba da lokacin da za a ba shi. Daƙiƙa 8 kacal yake da ita ya tsallake rabin fili, ƙungiyarsa kuma daƙiƙa 24 take da ita ta jefa a kwando, in ba haka ba ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Ki tuna uwar biki ranar ɗaurin aure, wadda ba ita ke tuƙa tuwo ba amma in babu ita wani gida ya ci sau biyu, wani ya kwana da yunwa. To aikin ke nan. Kuma sau da yawa shi ne mafi gajarta a filin. An yi wani Ba'amurke, Muggsy Bogues, tsawonsa ƙafa 5 da inci 3, bai fi yawancinmu mata ba, ya yi shekara 14 yana wasa a NBA, gasar da ta fi kowace girma a duniya.

Amma ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Wani ne da ya tashi a ƙasar Hausa.

Masai Ujiri sunansa. An haife shi a Ingila a 1970 lokacin da iyayensa ke karatu a can, ya girma a Zariya. Mahaifinsa mutumin jihar Delta ne, ma'aikacin asibiti mai koyar da aikin jinya, mahaifiyarsa kuma likita ce 'yar ƙasar Kenya. (Kin ga ɗan gidanmu ne, mu ma'aikatan lafiya, dole in ɗan yi alfahari.) Kamar kowane yaron Zariya, da ƙwallon ƙafa ya fara. Sai yana ɗan shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, a filayen siminti na waje, ƙarƙashin rana irin tamu. Abin da Zariya ta fi mu da shi a lokacin abu biyu ne: akwai fili, akwai kuma malami. Wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, ya daɗe yana koyar da wasan a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma Masai na cikin yaran da suka ratsa ta hannunsa.

Daga nan ya tafi Amurka, ya yi makaranta a birnin Seattle, ya yi shekara biyu yana wasa a wata ƙaramar kwaleji a Bismarck, garin da sanyinsa ke daskarar da ruwa a cikin famfo. Ya koma wata jami'a a Montana, bai daɗe ba ya bari, ya nufi Turai don ya ci abinci da ƙwallo. Ɗan baya ne. Shekara shida ya yi yana yawo tsakanin ƙananan ƙungiyoyi a Ingila da Beljiyam da wasu ƙasashen, yau nan gobe can. A 2002 ya ajiye takalmi, yana da shekara 32, bai taɓa buga ko minti ɗaya a NBA ba.

Ki tsaya nan tukuna, don wannan ne wurin da yaran ba sa son a karanta musu. Wannan yaro ya samu koci na gari, ya samu iyaye masu ilimi da abin hannu, ya samu hanyar Amurka, yana kuma da tsawon da ya wuce ƙafa 6. Duk da haka sana'ar wasan ba ta sa shi ya yi suna ba, ba ta kuma sa shi ya yi arziki ba. Haka take ga mafi yawan masu yin ta. Mutum 60 kawai NBA ke zaɓa a zaɓenta na sababbin 'yan wasa kowace shekara, daga duk duniya. In ɗanki ya ce zai bar makaranta saboda zai zama tauraro, wannan lissafin ya ishe ki amsa.

To me ya rage wa Masai bayan ƙafa ta gaji? Ido. Shekarun da ya yi yana duban fili, yana karanta wane ne zai iya me, su suka zama jarinsa. Ya karɓi aikin nemo wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa, yana kwana a ɗakunan abokai. A 2003 ƙungiyar Denver Nuggets ta ɗauke shi aiki na albashi. A 2010 ya zama babban manajanta, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan kujera a NBA. A 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na shekara, a shekarar kuma ya koma Toronto Raptors ta ƙasar Kanada.

Abin da ya yi a can har yanzu ana maganarsa. A 2016 ya ɗauko wani ɗan Kamaru, Pascal Siakam, wanda ƙungiyoyi da yawa suka tsallake, ya kuma ɗauko wani gajeren mai raba ƙwallo, Fred VanVleet, wanda babu ƙungiyar da ta zaɓa a cikin 60 ɗin nan. A 2018 ya yi musayar ɗan wasan da mutanen garin suka fi ƙauna, DeMar DeRozan, ya karɓo Kawhi Leonard wanda ya kusa shekara yana jinyar rauni. An zage shi, ba kaɗan ba. A watan Yunin 2019 Toronto ta doke Golden State Warriors da wasa 4 da 2, kofin NBA ya bar Amurka a karon farko a tarihi. Su Siakam da VanVleet da aka raina suna cikin waɗanda suka ɗauko shi. Ya ci gaba da shugabancin ƙungiyar har 2025.

Tun 2003 kuma ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda ke shirya sansanonin horar da yara maza da mata, daga baya ta sa wa kanta burin gina filaye 100 a nahiyar nan. Ni a ganina mutumin ya tuna abin da ya fitar da shi ne: siminti da malami.

Na san wata na cewa a ranta, "Duk wannan maganar maza ce." A'a. A Najeriya ma mata ne suka fi ɗaga tuta. D'Tigress sun ci kofin Afirka sau biyar a jere, daga 2017 zuwa 2025. A gasar Olamfik ta Paris a 2024 sun doke Ostireliya da Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe. Wadda ta ja ragamar wasan a fili, Ezinne Kalu, mai raba ƙwallo ce, kuma ita aka zaɓa gwarzuwar gasar Afirka ta 2019.

Maganar sutura fa? Tambaya ce mai kyau, kuma wata ta riga ta sha wahalarta. Bilqis Abdul-Qaadir Musulma ce Ba'amurkiya, gajeriya, mai raba ƙwallo. A sakandare ta tara maki 3,070, abin da ba a taɓa yi ba a jiharta ta Massachusetts, ta kuma yi wasan jami'a da hijabinta da dogon wando da riga mai dogon hannu. Da ta gama ta so zuwa Turai, sai dokar hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta tare ta, don a lokacin an hana rufe kai a fili. Ta zaɓi hijabinta, ta bar sana'ar, ta shiga fafutuka tare da wasu. A 2017 aka sauya dokar. Ita ba ta ci moriyar ba, amma ɗiyarki da ke makarantar 'yan mata, a cikin katanga, tsakanin 'yan'uwanta mata, ba ta da dalilin zama a gindin bishiya tana kallo lokacin wasanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum, ba ta ce ban da mata ba. Daka da ɗiban ruwa motsa jiki ne, na yarda, amma yarinyar da ke makarantar kwana ba ta yin ko ɗaya.

Yanzu bari in sa farar rigata.

Ƙwallon kwando ba ta ƙara tsawo. Tsawo gado ne, abinci da barci da lafiya su ke taimaka masa ya kai inda Allah ya nufa. Kada wani mai shagon magani ya sayar miki da "maganin tsawo", babu shi. Wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi, zogale, su ne maganin. Ki kuma sa ido kan ƙwayoyin ƙarin kuzari da ke yawo a filayen wasa, musamman tramadol. Yaron da ya ce sai ya sha wani abu kafin ya iya gudu, wannan ba maganar ƙwallo ba ce kuma, ki zaunar da shi.

Raunin da ya fi yawa a wasan nan targaɗen idon sawu ne, don tsalle ake yi a sauko a kan ƙafar wani. Abin da muka saba yi a gida, wato gashi da ruwan zafi da murza da man zafi, yana ƙara kumburi ne a kwana biyun farko. Sanyi ake so. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma, ko ledar ruwa mai sanyi in babu, ki ɗora minti 15 zuwa 20, ki ɗaga ƙafar a kan matashi, ya huta. Amma in bai iya taka ƙafar ya yi taku huɗu ba, ko kuma a kan ƙashin kansa yake jin zafi in an taɓa, asibiti za a je a ɗauki hoto kafin a je wurin mai ɗori. Dalili shi ne a ƙarshen ƙashin yaro akwai wani wuri mai taushi inda ƙashin ke girma. In nan ya tsage aka ja shi da ƙarfi aka ɗaure ba daidai ba, ƙafar na iya karkacewa ko ta gajarce har abada. Na san daga wasu ƙauyukan Kebbe zuwa inda ake ɗaukar hoto tafiya ce da kuɗin mota, amma ɗingishin shekara hamsin ya fi ta tsada.

Ciwon da yara masu tasowa ke ji a ƙasan ƙoƙon gwiwa, har wurin ya ɗan kumbura, yawanci na girma ne, yana lafawa in an rage tsalle. Wanda ba a wasa da shi shi ne yaron da ya suma ana cikin gudu, ko yake kukan ciwon ƙirji, ko numfashinsa ke sarƙewa. Ba iska ba ne, ba kuma ragwanci ba. A dakatar da wasan, likita ya duba zuciya da huhu. Haka nan ki san rukunin jinin ɗanki. Mai sikila, wato SS, sai da shawarar likitansa. Mai AS zai iya wasa, amma ya riƙa shan ruwa, kada kuma a matsa masa in ya ce ya gaji. Zafin Maris zuwa Mayu a yankinmu kan wuce digiri 40, siminti kuma riƙe zafi yake yi. Wasa sai da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da gorar ruwa a gefen fili, da takalmi a ƙafa, ba silifa ba.

Sai 'yan damfara. Duk wanda ya zo ya ce a ba shi kuɗi zai kai yaro gwaji Turai ko Dubai, ko ya ce a rage masa shekaru a takardar haihuwa, ki sallame shi tun daga zaure. Hanyar gaskiya ta cikin makaranta take bi: gasar gidaje, gasar makarantu, sai ta jiha. Yaron da ya iya, koci ne ke neman iyayensa.

Abin da ya rage shi ne filin. Cikakken fili mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, amma rabinsa da kwando ɗaya ya ishi yara shida su yi wasa, kuma wannan bai fi ƙarfin ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai ba. In an zo taro na gaba a makarantar yaranki, ki ɗaga hannu ki tambayi inda kuɗin wasanni da ake karɓa kowane zango suke tafiya. Wadda kuma ta san makarantar da ke da kwando mai aiki a Tambuwal ko Kebbe, da malamin da ke koyarwa, ta rubuta mana sunan makarantar a nan ƙasa, don sauran iyaye su sani.