Burushi a Kan Turke Ba Ya Korar Aradu

A tashoshin jiragen shaƙatawa na gaɓar Florida da na Bahar Rum, wanda ya ɗaga kai zai ga wani ɗan ƙarfe mai kama da burushin wanke kwalba a ƙololuwar turakun jirage da yawa. Masu sayar da shi sun ce yana zubar da cajin lantarkin da ke taruwa a jikin jirgi a hankali, har aradu ta rasa dalilin faɗa masa. Wasu kamfanonin kuma suna tallan wata na'ura mai tsada da suka ce tana riga kowane abu tarar walƙiya, don haka guda ɗaya ta isa ta kāre fili mai faɗi. Har yau ba a kawo hujjar da masana suka yarda da ita a kan ko ɗaya daga cikin da'awar biyu ba. Mai jirgin da ya dogara da su ya bar ingantacciyar hanya, yana caca ne da ran matarsa da 'ya'yansa a tsakiyar teku.

Jirgin ruwa mai tafiya da iska yana da dogon turke, yawanci na alminiyon, wanda kan kai mita goma sha biyar ko ashirin a saman ruwan da babu bishiya ko gini. Walƙiya tana saukowa daga gajimare taki-taki, kowane taki wajen mita hamsin, kuma sai ta kusanto ƙasa take zaɓar inda za ta sauka. A wannan lokaci abin da ya fi tsawo shi ke miƙa mata hannu. Matsakaiciyar aradu tana ɗauke da amfiya wajen 30,000, zafin hanyarta kuma yakan ninka na fuskar rana kusan sau biyar. Idan wutar ta sauko ƙasan turke ba ta tarar da hanyar shiga ruwa ba, sai ta yi tsalle ta nemi tata: ta inji, ta wayoyin lantarki, ta bututun da ke ratsa gindin jirgi, ko ta jikin mutum. Jiragen zamani da aka ƙera da roba mai zaren gilashi ba sa wuce da lantarki, shi ya sa wutar kan huda su ta ƙasan ruwa, jirgi ya fara sha.

An san maganin wannan tun ƙarni na sha tara. A 1820 wani likita ɗan garin Plymouth a Ingila, William Snow Harris, ya tsara faifan jan ƙarfe da ake binnewa a jikin turke tun daga sama har zuwa jan ƙarfen da ya lulluɓe gindin jirgi. An sa wa jirgin Beagle, wanda ya ɗauki Charles Darwin daga 1831 zuwa 1836, wannan tsari, aradu ta faɗa masa bai lalace ba. Rundunar ruwan Birtaniya ta karɓi tsarin a 1842 bayan doguwar jayayya. Harris bai yi alkawarin korar aradu ba. Ya shimfiɗa mata hanya ne ta wuce cikin ruwa ba tare da ta taɓa kowa ba, kuma a kan wannan tushe aka gina ƙa'idojin yau, irin su NFPA 780 a Amurka da ISO 10134 na ƙananan jirage.

Masu burushi sun jingina da wani abu na gaskiya, kuma a nan ne biri ya yi kama da mutum. Tsinin ƙarfe yakan fitar da ɗan caji cikin iska idan hadari ya taso. Matuƙa jirgi sun daɗe suna ganin hakan a matsayin shuɗin haske a kan turaku, wanda Turawa ke kira wutar Waliyyi Elmo, kuma jiragen da ke haskakawa haka ba su daina shan aradu ba. Lissafi ya nuna dalili. A ɗauka burushi yana fitar da kashi ɗaya cikin dubu goma na amfiya, wanda an yi masa karamci. Bugun farko na matsakaiciyar aradu yana sauke cajin kulom biyar. Kafin burushin ya zubar da wannan adadi sai ya shafe daƙiƙa 50,000, wato kusan sa'a goma sha huɗu, alhali gajimare mai ƙarfi yana sake walƙiya cikin ƙasa da minti guda. Ga shi kuma cajin yana can sama da nisan kilomitoci, iska tana kwashe ɗan abin da burushin ya fitar. Dajin itatuwa masu ganye kamar allura yana da miliyoyin tsini, amma aradu tana tayar da gobara a cikinsa kowace shekara.

Na'urar da ake cewa tana riga tarar walƙiya ma ta faɗi a gwaji. Charles Moore da abokan aikinsa a cibiyar Langmuir da ke jihar New Mexico sun jera sanduna iri-iri a kan dutse na tsawon shekaru, sai aradu ta riƙa zaɓar masu dasasshen kai tana barin masu tsini da na'urorin zamanin. Hukumar NFPA ta ƙi fitar musu da ƙa'ida a 1995. A 2002 Martin Uman da Vladimir Rakov na Jami'ar Florida sun bi diddigin hujjojin nau'o'in biyu a mujallar ƙungiyar masana yanayi ta Amurka, suka kammala cewa babu bayanan gwaji ko nazarin da ya tabbatar da fifikon da ake yi musu iƙirari.

Abin da ya rage wa 'yan kasuwa shi ne shaidar abokan ciniki: wane ya sa burushi shekara goma, aradu ba ta taɓa shi ba. Alƙaluman inshorar ƙungiyar BoatUS sun nuna cewa jirgi kusan ɗaya cikin dubu ne aradu ke faɗa wa a shekara, ko da yake rabon masu turke ya fi haka, musamman masu gangar jiki biyu. Ke nan a cikin jirage dubu, wajen 990 za su cika shekara goma lafiya ko da tsumma aka ɗaura musu. Wanda ya tsira yakan rubuta wasiƙar yabo, wanda jirginsa ya ƙone kuwa a ce masa bai ɗaura na'urar daidai ba. Da irin wannan shaida babu kayan da ba za a iya sayarwa ba.

Masu kāre burushi suna da magana ɗaya mai nauyi: tsohuwar hanya ma ba ta ceci rediyo da na'urar nuna hanya a kowane lokaci ba. Haka ne. Ewen Thomson na Jami'ar Florida ya nuna a 1991 cewa ƙa'idar Amurka ta lokacin tana da giɓi, musamman a ruwan daɗi, wanda bai kai na gishiri wuce da lantarki ba. Sai dai abin da ya biyo bayan bincikensa shi ne ƙara hanyoyin fitar wuta da inganta haɗa ƙarafan jirgi. Gazawar wani ɓangare na tsarin da aka gwada ba ta zama hujja ga wanda ba a taɓa tabbatarwa ba.

Aikin da ya kamata mai jirgi ya biya kuɗinsa sananne ne: sanda a saman turke da ta ɗara eriya tsawo, kaurin wayar jan ƙarfe da bai gaza murabba'in milimita 21 ba, a miƙe ba lanƙwasa mai tsanani, faifan ƙarfe a cikin ruwa da ya kai aƙalla murabba'in ƙafa ɗaya, sannan a haɗa inji da tankuna da sauran manyan ƙarafa da wannan layi. Na'urorin tare hauhawar wuta a kan wayoyi suna da amfani, domin aikin da suke yi ana iya auna shi. Mujallun jiragen ruwa da ke buga tallan burushi kusa da shafin nasiha, da masu duba jirage da ke rubuta shi a matsayin kariya, su ya kamata a fara tambaya: ina sakamakon gwajin da wani wanda ba ya cin riba ya yi? Injiniyan da aka kawo wa na'urar tarar walƙiya don a kafa a kan asibiti ko makaranta shi ma wannan tambayar ce a kansa kafin ya sa hannu.